Ƙasar da Ganye Ba Ya Ruɓa

Zazzaɓin ya fara ne daga ƙasusuwan bayana, ranar Asabar, bayan na idar da azahar. Na ja tabarma zuwa inuwar rumfa, kusa da kwandon kalwar da na dafa jiya na rufe da ganye da tsohon buhu, na kwanta ina jin rana tana tafiya a kan kwano kamar mai jan ƙafa. Ni mai daddawa ce tun ina budurwa. Boko kuwa sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa har yau in zan karanta abu sai yatsana ya yi wa idona rakiya.

Daga inda nake kwance ana jin zaure. A can ɗana na fari yake tara abokansa duk Asabar, su shimfiɗa wata babbar takarda mai zanen koguna da duwatsu, su yi wani wasa da ban taɓa ganin irinsa ba. Kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labari ya zama shi: wannan maharbi, wancan ɗan koli. Ɗana ne mai ba da labarin, shi ya ƙago ƙasar, ya sa mata suna Sansami. In aka zo wurin da ba a san abin da zai faru ba, sai a jefa ɗan lido, abin da ya nuna shi ke nan. Ban taɓa shiga zauren ba, amma ina tsintar kalwa ina saurare, har na san ƙasar nan kamar hanyar rijiya.

Sunansa Haladu. Alƙalami ne ya faɗa, ba ni ba. Ɗan fari ne, kuma a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi doguwar hira da shi. Tun ranar suna bakina bai furta shi ba. "Kai" nake cewa, ko "wannan", ya kuwa san da shi nake.

Matarsa Zulai ita ma tana wasan, ita ce mai jirgin fito a babban kogin Sansami. Ita ce kuma ta ce ƙasar ba ta cika ba. Wata rana tana taya ni surfen kalwa ta ce, "Inna, mutumin nan ya zana sarakuna da dodanni, amma in dodo ya mutu wa zai kwashe shi?" Sai ta ƙago masu wannan aikin, ta zana su da hannunta: wata tsohuwa ta fumfuna, wani buzuzu mai girman jaki, da wasu ƙananan halittu masu warware abin da ya mutu kamar yadda ake warware ɗinki.

Da damina Allah ya karɓi Zulai. Bayan sadakar arba'in ɗana ya ɗauki kilina, abin goge fensir, ya goge halittun nan kaf. Tun daga nan ya fara ramewa. Tuwo yana komawa madafa yadda aka kai masa, wuyan rigarsa yana ƙara faɗi. Ina gani, ina ji, ban ce kome ba. Na ce a raina baƙin ciki kamar kalwa ne: ka rufe, ka ba shi lokaci, zai nuna da kansa.

"Haladu, don girman Allah." Muryar Bilya ce, abokinsa mai gyaran waya, wanda bai iya magana ƙasa-ƙasa ba. "Tun damina muke tsaye a bakin kogin nan. Maharbina har ya fara tunanin yin aure a nan."

"Wa zai ba shi?" in ji Tasi'u, malamin firamare. "Mutumin da bai taɓa harbo ko gafiya ba."

"Ka ji ɗan kolin da bai sayar da ko allura ba! Haladu, jefa ɗan lidon nan mana mu haye."

"Babu mai fito," in ji ɗana.

Zaure ya yi tsit. Shirun ya taso ya ratso tsakar gida, ya zo ya kwanta a kan idona, ya yi nauyi. Tabarmar ta yi laushi a ƙarƙashina, ta yi fari, ta koma takarda, layukan kabarta suka zama koguna. Na miƙa hannu in dafa ƙasa, hannun ya wuce, ni ma na bi shi.

Cikin ganye na faɗa, har wuya. Ganyen ɗorawa, na kuka, na wasu itatuwan da ban san su ba, duk kore shar kamar yanzu aka tsinko su. Na ja numfashi ban ji kome ba. Babu warin ƙasa, babu na juji, babu na taki. Ni da na tsufa cikin wari, sai hancina ya zama maraya. A sama babu rana, ɗan lido ne ƙato, fari, yana juyawa a hankali, ɗigonsa suna kallona kamar idanu, ya ƙi faɗowa. A gefensa manyan baƙaƙe suna rataye. Na ɗaga yatsa na bi su ɗaya bayan ɗaya har na haɗa sunan Sansami.

"Ki ɗaga ƙafa, Tabawa, kin taka mini gindi."

Kwandon kalwata ne. Ya fito da ƙafafu biyu irin na zabo, buhun yana kansa kamar rawani.

"Kai kuma ina za ka?" na tambaye shi.

"Ina nan inda kika rufe ni. Ke ce kike tafiya. Biyo ni."

Muka yi iyo cikin ganye har muka fito wata gona. Manoma suna tsaye da iri a tafin hannu, kowa a bakin rami. Na leƙa ɗaya, can ƙasa wani dattijo yana ta haƙa da fartanya, ganye yake fitarwa.

"Sannu da aiki, Malam."

"Yauwa, baiwar Allah. A hanyarki ba ki ga ƙasa ba? Ko cikin cokali ne."

"Ban gani ba."

"Ƙarƙashin ganye ganye ne, ƙarƙashinsa ma ganye. Da can akwai masu mayar mana da shi ƙasa. Ko gaishe su ba ma yi." Ya tofa yau a hannu ya koma haƙa.

Gonar ta lanƙwashe ta zama kasuwa. A bakin ƙofa wani dodo ya kwanta a giciye, tsawonsa ya kai layin rumfuna, mashi a wuyansa, jininsa ko daskarewa bai yi ba. Tun damina aka kashe shi, ba wanda ya kwashe, sai aka kafa tsani ana hawa ta kansa. Muka hau muka sauka. A ciki kaya sun cika, ba mai saye. Mangwaron bara yana zaune a faifai kusa da na bana, ba a gane babba a cikinsu. Wata mai nono ta tare ni ta buɗe ƙwarya.

"Ɗanɗana, Inna. Madara ce tun ranar da aka tatso ta. Na ba ta baki ta kwana ta yi tsami, ta ƙi. Wa zai dama fura da wannan?"

Na ɗanɗana. Fari ne kawai a kan harshe, ba daɗi, ba rashin daɗi.

Tsawa ta yi a sama, da muryar Bilya: "Jefa mana mu haye!" Mutanen kasuwa suka ɗaga kai. Ɗan lidon ya juya, bai faɗo ba. Suka sauke kai kamar waɗanda suka saba.

"Buɗe ni," in ji kwando.

"Lokaci bai yi ba. Ba a buɗe kalwa da wuri."

"A nan lokaci ya yi ya wuce, ya dawo ya sake wucewa. Buɗe."

Na ɗaga buhun na yaye ganyen. Kalwa tana nan yadda na zuba ta, ƙwaya-ƙwaya, ba yauƙi, ba ɗumi. Na sa ɗaya a baki, ɗacinta ya kai mini har kunne.

"Na rufe ka yadda ya kamata," na ce. "Na jira."

"Kin jira. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, ba a ce ya dafa shi ba wuta ba. Kina tsammani jiranki ne yake nunar da ni? Akwai masu shiga cikin duhu su cinye ɗacin. An kore su."

"Ina suke?"

"Inda ake tura abin da aka goge."

Muka yi ta tafiya, launi yana raguwa. Kore ya koɗe, itatuwa suka koma layin fensir, layin ma ya ƙare. Muka iso gefen takarda, inda ba a zana kome ba, fari fat, sai tuddai na ɓarɓashin kilina, toka-toka, masu laushi kamar dusa. A gindin wani tudu buzuzu ne mai girman jaki a zaune, rabinsa na baya babu, an goge. Gabansa wata babbar ƙwallo ce, ya dafa ta da ƙafafun gaba kamar mai jiran mota da kaya.

Na yi sallama, ya amsa.

"Ki yi haƙuri ban tashi ba, abin tashin ne babu," in ji shi. "Ni ne Baba Buzuzu. Ke ce uwar mijin wadda ta zana mu. Ta ba mu labarinki. Ta ce kunnenki rumbu ne, bakinki kuwa ƙofar rumbun, an liƙe ta da laka."

Ban ji haushi ba, don na ji dariyar Zulai a cikin maganar.

"Mene ne a cikin ƙwallon, Baba?"

"Jiya ce. Kowace safiya nakan tattara jiyan mutane, kashin dabba da ɓawon gyaɗa da baƙar maganar da aka yi aka gama, in mirgina in binne. Gero ne yake fitowa a wurin. Wannan ta ranar nan ce. Ba a bar ni na binne ta ba."

Na kara kunne a jikin ƙwallon. Ruwan sama na ji, da kukan mata, da takun masu ɗaukar makara cikin taɓo. Na janye kunnena.

Tudun da ke bayansa ya motsa. Abin da na ɗauka ɓarɓashi ne ashe tsohuwa ce a lulluɓe. Jikinta duk farin gashi ne mai laushi, irin wanda yake fitowa a kan tuwon da aka manta a ƙwarya. An goge rabin fuskarta, ido ɗaya ya rage, amma idon nan akwai sanyi a cikinsa. In ta yi magana wata ƙura mai haske takan tashi daga bakinta.

"Sannu, abokiyar aiki," ta ce. "Shekara da shekaru muna aiki a kwando ɗaya ba mu taɓa gaisawa ba. Goggo Fumfuna ake ce mini."

Daga cikin mayafinta ƙananan halittu suka leƙo, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba, da 'yar wuta a cikinsa kamar ta aci-balbal, hannayensu dogaye irin na masu ɗinkin hula. Na gane su, 'yan warwara ne. Suka gaishe ni a tare, muryarsu kamar zubar gero a faifai.

"Goggo, kuna fushi da shi?"

"Da yaron?" Ta girgiza kai, ƙura ta tashi. "Yana goge mu yana kuka. Hawayen ne ma ya sa bai goge mu da kyau ba, takarda ta jiƙe. Ya ɗauka mu ne muka ɗauke ta. Mu ba ma kisa, Tabawa. Sai mutuwa ta gama ta tafi muke sallama. Masu wanke-wanke ne mu bayan taro ya watse."

"Kowa toshe hanci yake in mun wuce," in ji Baba Buzuzu. "In dawa ta yi kai kuma sai ka ji ana cewa damina ta yi kyau."

"Bar ƙorafi, rabin jaki."

"Gara rabin jaki da rabin fuska."

"Ku koma mana," na ce. "Manoma suna neman ƙasa, madara ta ƙi kwana."

"Wanda aka goge ba ya komawa da ƙafarsa, ko da yana da ita," in ji Goggo. "Sai an ɗauke shi. In an kai shi ma, sai mai zanen ya waiwayo."

Kwando ya durƙusa ya buɗe baki. 'Yan warwara suka shige a jere, Goggo ta naɗe kanta kamar auduga ta bi su, Baba Buzuzu da ƙwallonsa suka ƙanƙance har suka koma kamar kalwa biyu. Na yi gammo da gefen zanena na ɗauka. Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyi da ɗumi irin wannan ba, kamar an ɗora mini jariri mai zazzaɓi.

Hanyar komawa ta bi ta wani kurmi da ganyensa ke da rubutu. Na tsinci ɗaya na bi shi da yatsa: sai haƙuri. Na tsinci wani: ya muka ji da haƙuri. Wani kuma: kai namiji ne. Gaisuwar ta'aziyya ce ta dukan garinmu, ta zube a nan tun damina, kore shar, ba wadda ta shiga ƙasa. Na gane ta liman, na gane ta maƙwabta, har da ta Bilya, ita ce mafi gajarta kuma a jiƙe. Na tona na tona ina neman tawa.

"Kada ki wahalar da kanki," in ji kwando daga kaina. "Abin da bai faɗo ba ba a tsintarsa."

Kurmin ya buɗe, sai ga kogi. A tsaye yake cak, igiyar ruwa ta ɗaga ta daskare, kifi rataye a cikinta da baki buɗe. A gaɓa mutum biyu ne zaune, maharbi da ɗan koli, ganye ya rufe su har ƙirji. Maharbin da hancin Bilya yake. Jirgin fito yana ɗaure, a cikinsa mai jirgin ce kwance, gorarta ta tuƙi a gefe, da fuskar Zulai, lallen hannunta ja wur kamar jiya aka ƙunsa.

Na ce, "Amarya." Haka nake kiranta tun ranar da aka kawo ta.

Ta buɗe ido. "Inna, kada ki firgita. Ni ba ita ba ce. Ita tana makwancinta, Allah ya ji ƙanta. Ni zanenta ce kawai, da ɗan abin da ta bari na dariya."

"Amin. To me kike yi a nan?"

"Gadina ake yi. Na gaji, Inna, bayana ya ƙage. Ƙasa ba ta karɓe ni ba, ruwa bai tafi da ni ba. Ga mutane suna jiran fito."

Ta nuna da ido. A bakin jirgin ɗana ne zaune, ya ba ni baya. Girmansa ya kai dutse, amma ƙeyarsa ta jariri ce, yadda na gan ta ranar da kakarsa ta ɗauke shi daga cinyata bayan yaye. Kilina tana hannunsa. Duk abin da ya matso kusa da jirgin, ƙuda ne, inuwa ce, iska ce, sai ya goge. Da abin da zai goge ya ƙare sai ya juya kan kansa. Yatsun hannunsa na hagu sun tafi. Kafaɗarsa ta yi shara-shara, ina hango kogi ta cikinta. Duk shafa ɗaya wani yanki nasa yakan zube ɓarɓashi a cinyarsa, shi kuwa idonsa yana kan jirgi.

"Kai!" na ce. Bai motsa ba. "Wannan! Kai yaro!"

Maganganun suka faɗi a gabana, kore shar, suka shiga cikin sauran ganye.

"Wannan sunan kowa ne," in ji kwando. "Ba mai waiwayowa don sunan kowa."

Na sauke kwandon. Goggo Fumfuna ta fito ta miƙe daidai tsayina, ta sa hannunta mai laushi ta cikin ƙirjina kamar mai laluben gindin tulu. Ban ji zafi ba. Ta zaro wani ƙunshi na ganye ɗaure da zare. Na gane ɗaurin, nawa ne.

"Tun ranar suna," ta ce. Ta kai shi hanci, idonta ɗaya ya lumshe. "Wannan kam ya nuna. Ya daɗe da nuna. Ashe akwai wuri ɗaya da ba a kore mu ba. To, Tabawa, daddawar da ta nuna ba ta shiga miya ba, wa ta amfana?"

"Goggo, ɗan fari ne. Uwata ba ta kama sunan yayana ba har ta koma ga Allah. Kakata ma haka."

"Sun yi daidai. Kunya ado ce, ba mu zo tuɓe miki ita ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dube shi."

Na duba. Kilina ta kai wuyansa.

'Yan warwara suka hau zanena, suka bi ta wuyana, fitilunsu suna ɗumama mini haɓa. Sai a lokacin na ji ashe bakina a ɗinke yake, ɗinki mai kyau irin na hular da ake ajiye wa salla, aikin uwata da kakata da kakar kakata. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya a kan leɓena ya rusuna.

"Zare ɗaya kawai, Inna. Sauran adon yana nan."

Ya ja. Goggo ta kwance ƙunshin ta ɗora mini a harshe. Wari ya tashi, warin da na sani tun ina budurwa, ya bazu a kan kogi. Ganyen da ke jikin ƙafata ya yi ja, ya yi baƙi, ya narke. Kifin nan ya kaɗa wutsiya. Wani farin zaren fumfuna ya fara bin lallen mai jirgi a hankali, ta yi ajiyar zuciya kamar wadda aka sauke wa tulu. A sama ɗan lido ya saki inda yake riƙe, yana faɗowa, yana girma, inuwarsa ta rufe mu, ni kuwa na cika ƙirjina da iska.

"Haladu!"

Muryata ce ta tashe ni. Ina zaune a kan tabarma, gumi ya jiƙa ni sharkaf, kaji sun watse, inuwar rumfa ta bar ni a rana. A ƙofar zaure ɗana yana tsaye ba takalmi. Bayansa Bilya da Tasi'u suna leƙe, bakin Bilya a buɗe, yau kam ba magana a ciki.

"Inna?" ya ce. "Ni kika kira?"

"Akwai wani mai sunan a gidan nan?"

Ya zo ya durƙusa nesa kaɗan yadda ya saba. Na ce ya matso. Na kama hannunsa na hagu na bi yatsun. Suna nan, sai dai ƙashi ne da fata.

"Jikinki da zafi. Bari in sayo magani."

"Zauna. Ina ka kai Goggo Fumfuna?"

Ya ɗago ya dube ni. "Wa ya faɗa miki?"

"Kunne gare ni. Ta ce ba ta fushi. Ta ce kana goge ta kana kuka. Mai jirgi kuma ta gaji, bayanta ya ƙage, ga mutane suna jiran fito."

Ya sunkuyar da kai. Kafaɗunsa suka fara rawa, kukan da bai yi a gabana ba tun damina ya zo da kayansa duka. Na ɗora hannu a ƙeyarsa na bar shi a nan. Tasi'u ya ja rigar Bilya suka koma zaure.

Da ya lafa sai ya shaƙi iska. "Inna, kalwarki ta nuna."

Na waiwaya. Buhun ya zame gefe, ban san wanda ya yaye ba, wari ya cika tsakar gida. Jiya-jiya na rufe ta, ba ta isa nuna ba.

"Marigayiya tana son miyar kuka da sabuwar daddawa," ya ce.

"Na sani."

"In kin yi zan ci."

Daga zaure Bilya ya ɗaga murya, da alama ya samo bakinsa: "Haladu! Ɗan lidon nan fa ya faɗo da kansa daga kan benci. Mu duba ko mu bari?"

Ɗana ya goge fuska da hannun riga ya miƙe. "Kada ku taɓa, ga ni nan. Tasi'u, ara mini fensir."

Da ya shige zaure na buɗe tafin hannuna, wanda na riƙe nasa da shi. Ƙasa ce a ciki, baƙa, mai danshi, cikin cokali.